Ƙafar Bahaguwa

Da Abdulgani ya ture ƙyauren kara ya shiga garkar gidan kakansa a Gwandu, sai ya tarar da motar tsaye da ƙafa uku. Ƙafar gaba ta hagu ta tafi, taya da wili gaba ɗaya. An kife turmin dakan kakarsa Inno an tokare wurin da shi, tsaf kamar an auna. Jakin hayar da ya ɗauko masa sababbin tayoyi daga bakin tasha yana tsaye a bayansa yana kaɗa kunne. Abdulgani ya zauna daɓas a ƙasa.

Motar kitika ce ƙirar Amurka, kujera ɗaya a gaba, baya a buɗe, sitiyarinta a hagu, saɓanin sauran motocin zamanin. Duk Gwandu Bahaguwa ake ce mata. Kakan nasa, Alhaji Lukuman, ya yi fataucin busasshen kifi da goro da ita tsakanin Gwandu da Kalgo har lokacin yaƙin duniya na biyu. Da kayan gyara suka ɓace ta kwanta, kaji suka mai da ita akurki. Bara Alhaji ya rasu a Kalgo, a gidan ɗansa Lawali. Mahaifin Abdulgani ya riga shi, kuma jika ba ya cin gado in akwai ɗa, wannan kowa ya sani. Amma tsohon ya yi wasiyya gaban shaidu: Bahaguwa ta Abdulgani ce in ya tashe ta ta shigo Kalgo da ƙafarta kafin a raba gado. In ba ta shigo ba, ta faɗa cikin gado a sayar. Alƙalin Kalgo ya sa rabon ranar Alhamis ta sama, a kakar 1955.

Abdulgani mai gyaran kekuna ne. Damina guda ya yi a ƙarƙashin motar nan, har injin ya yi tari ya kama. Tayoyi kaɗai suka rage. Kuma ban da ita ba shi da ko cokali da zai nuna ya ce daga gidan ubansa ya fito.

Kafin la'asar Kofur Basharu na 'yan doka ya iso. Siriri ne mai jan ido, irin mutumin da in ka ce masa ina kwana sai ya ɗaga kai ya duba ko da gaske gari ya waye. Ya tarar da Abdulgani, da wani dattijo mai furfura tsugune gefen motar ya zabga tagumi. Shi ne Malam Haliru, tsohon direban Alhaji, wanda ya kama wa yaron aikin nan tun ranar farko.

"Wa yag ga motar ga da ƙahwa huɗu daga ƙarshe?" in ji Kofur.

"Ni nig gan ta," wata murya ta amsa daga bayan zana. Inno ce. "Yau da hantsi, za ni gidan suna. Turmina ma shina tsakar gida, ɓarawon banza, ko kunyar kayan mata bai ji ba."

"Kai fa?"

"Jiya nit tahi Birnin Kebbi karɓo tayoyi," in ji Abdulgani. "Can nik kwana."

"Malam Haliru?"

"Gona nike, ɗana, muna yankan gero." Dattijon ya girgiza kai. "Tun ina saurayi nike riƙe da sitiyarin motar ga. Wanda yat taɓa ta, ni yat taɓa. In kana neman bakin zare, ka tambayi Haruna maƙeri, ya daɗe shina lasar baki kan ƙarhenta. Ka kuma tambayi Lawali wa zai ci riba in ba ta tashi ba."

Kofur ya juya ga motar. Ya durƙusa inda ƙafar ta fita. Ƙusoshin da ake ɗaure wili a jikinsu suna nan lafiya lau, ba sara, ba tabon guduma, ba ko ƙwarzane. Kiyashi sun yi layi a kansu. Ya shafa ya sansana. Man gyaɗa ne, kuma ba zubin yau ba ne, ya ratsa tsatsa har ciki. Ya duba sauran ƙafafun, duk a bushe suke, tsatsa ta yi musu ja. Jak da sifana suna cikin akwatin da ke bayan motar, ba kwaɗo, kowa zai iya ɗauka. Ya ɗauki sifanar ya sa a notin ƙafar baya ta hagu, ya danna iya ƙarfinsa. Ko motsi bai yi ba.

"Ka taɓa kwance ƙahwahun ga?"

"A'a. Baba Haliru yac ce a bar su ƙarshe, sai tayoyi sun zo."

"Injin ya tashi da gaske, ko kunya kaka gudu?" Kofur ya tsare shi da ido. "An sha yi. Yaro ya cika baki, rana ta matso, sai ya yi wa kainai sata don a ce ba laihinai ba na."

Abdulgani ya miƙe a fusace. Ya zura ƙarfen tayarwa a hancin motar ya juya, ya sake juyawa. Bahaguwa ta yi atishawa ta ɗauka, kaji suka watse, jakin haya ya tsinke ya yi waje.

"To, ya tashi," in ji Kofur, kamar an ƙware shi. "Ka iya tuƙi?"

"A tsaye dai Baba ya nuna min. Shi zai ja ta Kalgo."

"In an rasa wilin, ba a samun wani?"

"Irin nata sai Kano," in ji Malam Haliru, "in an yi sa'a."

Washegari Kofur ya sauka maƙera. Haruna ƙato ne, yana tsaye gaban uwar maƙera, bai ma ajiye guduma ba da ya ga jar darar ɗan doka.

"An ce kana son motar Alhaji."

"Ina so, ban ɓoye ba. Gaban mutane nit taya ta."

"Jiya da hantsi kana ina?"

"Nan. Kaka ta, duk wanda laujenai yad dakushe nan shika zuwa. Ka tambayi rabin gari."

"Rabin gari kan yi ƙarya."

Haruna ya yi dariya, ya jefa ƙarfe cikin ruwa ya yi cuu. "Kofur, in zan yi sata, sai in saci wili? Gwangwani na, ko hauyar yara ba ya yi. Abin da nika so sifirin, bakan ƙarhen ga da ke ƙarƙashi. Shi ka yin lauje da wuƙa da ba su san dakushewa ba. Kuma ni ina ruwana da kwance noti? Guduma nis sani. In ƙarhe ya ƙi, in gasa shi in sare."

Kofur ya zagaya maƙerar, ya leƙa bayan zugazugai, ya tona tarin gawayi da sanda. Ba taya, ba wili, ba ko warin roba. Ya tambayi masu jiran lauje ɗaya bayan ɗaya, kowa ya keɓe shi, duk bakinsu ɗaya. Hannun Haruna kuma ya kalla, hannu ne da ba zai yi haƙurin ɗiga wa ƙusa mai kullum yana jiran ta yi laushi ba.

Har Kofur ya juya, Haruna ya ce, "Ni ma fa an kore ni daga cinikin. Tun watan jiya Lawali ya aiko wai in cire rai, wani ya riga ni."

"Wa?"

"Ka ji daga bakinai."

Kofur ya hau motar gyaɗa da ke bi ta Birnin Kebbi. A can ya tsaya wurin mai sayar da tayoyi da gidan da Abdulgani ya ce ya sauka. Duka suka tabbatar yaron bai bar garin ba sai da rana ta ɗaga, lokacin da Inno ta riga ta fita suna. Kofur bai ji daɗi ba. Shi ba ya son a rage masa waɗanda yake zargi.

A Kalgo ya sami Lawali kishingiɗe ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Ƙafarsa ta dama ta kumbura suntum, kurkunu ya fito a idon sawu, an naɗe kansa a tsinke. Mutum ne mai faɗa, ciwo kuma ya ƙara masa.

"Sata zan yi wa ɗan wana?" ya ce. "Diba ƙahwar ga. Tun kahin gero shi nuna ko masallaci ɗaukata aka yi."

"Mutum kan aika."

"In aiki wa? Kalgo wa yas san gaban mota da bayanta? Kai, Kofur, ni ban so wasiyyar ga ba, ba ni yi maka ƙarya. Muna da mata da marayu cikin gadon, Alhaji ya ɗauki ƙarhe guda ya miƙa wa mai gyaran keke. Amma ba ni ja da maganar mamaci, bare ubana. In ta shigo, tashi ta. In ba ta shigo ba kahin alƙali shi buɗe baki, ko yini ba ni ƙara mai."

"Haruna ya ce wani ya riga shi tayi."

"Wani dillali na daga Jega, bai hwaɗi sunan mai so ba. Wai a matsayin mushe za shi saya, kuɗin ƙarhe. Amma kada a bari maƙeri shi taɓa ta."

"Mushen da ba a so a heɗe?"

"Haka yac ce. Wai ko mi yar rasa jikinta, mutuminai na so."

"Yaushe yaz zo?"

"Gero na ɗanye."

Kofur ya kira matar gidan ta bayan labule ya tambaye ta, ya tambayi mai ɗora wa ƙafar magani, ya tambayi maƙwabta ko an ga baƙo yana shiga da fita. Ba abin da ya samu sai tsinuwar Lawali da ta raka shi har bakin hanya.

A hanyar komawa ya yi ta juya maganar dillalin. Ruwa ba ya tsami banza. Tun motar tana da ƙafa huɗu wani ya san za ta rasa wani abu. Mai sayen nan ba ƙarfe yake so ba, mota mai rai yake so a kuɗin gawa, kuma wanda zai sayi mai ƙafa uku da murna, ta huɗun tana hannunsa. Ya fara jin warin abin. Amma wari ba shaida ba ne, alƙali ba ya ɗaure mutum da hanci. Ga Alhamis tana ta matsowa.

Washegari da hantsi ya koma gidan Alhaji. Abdulgani ya fita yawon tambaya a tasha, ya rame ya fita hayyacinsa. Inno tana tsakar gida tana surfe a turmin aro, tana mita. Ta ba Kofur tabarma da ƙwaryar fura.

"Angona ya daina cin abinci," ta ce, tana nufin jikan. "In ya mutu kan ƙarhe wa za shi min cehwane? Ka samo ɓarawon?"

"Tukuna, Inno. Bahaguwar ku ta ba ni wuya. Wanda yas sa mata suna don sitiyarinta bai san halinta za shi hwaɗi ba."

Inno ta tsaya da taɓarya a sama. "Sitiyarin mi?"

"Ba don shina hagu anka ce mata Bahaguwa ba?"

"Zancen 'yan gari ke nan." Ta ajiye taɓaryar ta zauna, fuskarta ta saki. "Shekarar da anka sawo ta, muna tahiya Kalgo, ni ina baya bisa huhunan goro. Sai taya tah hwashe, ta gehen hagu. Haliru lokacin saurayi na, ga ƙarhi awa sa. Ya kama ƙarhen kwancewa tun hantsi har rana ta take tsaka, zuhwa na zuba, abu sai ƙara ƙullewa shikai. Alhaji, Allah shi jiƙanai, ya hasala ya hizge ƙarhen, don haushi yam murɗa shi baibai. Sai ga abu ya kwance salin alin! Haliru ya zauna cikin rairayi yac ce, wallahi wagga mota bahaguwa ta! Na yi dariya har goro yaz zube. Notunan dama lahiyarsu lau, awa na kowa. Na hagu su ad da taurin kai, kwancewarsu ɗaurewa ta, ɗaurewarsu kwancewa."

Kofur ya ajiye ƙwaryar a hankali.

"Wa yas san wagga magana?"

"Mu uku muna a wurin. Guda ya riga mu gidan gaskiya."

"Abdulgani bai sani ba?"

"Ba a ko haihe shi ba. Ni ma sai yau da kat tono ta."

Bayan azahar Kofur ya tara su a garka: Abdulgani, Haruna maƙeri, da Malam Haliru. Inno tana bayan zana, an ce ta yi shiru, abin da ya fi surfe yi mata wuya.

"Ɓarawo ya gagare ni," in ji Kofur. Haruna ya ɗaga gira, don ba a taɓa jin wannan magana a bakin Kofur ba. "Amma akwai motar da za ta Kano gobe. In mun cire ƙahwar baya ta hagu anka tahi da ita samhur, ƙila a dace da irinta kahin Alhamis. Haruna, kai ad da ƙarhi. Kwance muna."

Haruna ya tofa yawu a tafi, ya kama sifana ya danna ta hagu, yadda kowa ya san ana kwance noti. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya saki ya ce a ba shi guduma. Kofur ya hana.

Abdulgani ya karɓa da rawar jiki, don shi ya ɗauka da gaske ake. Ya danna ta hagu har ya hau sifanar da ƙafa. Ta zame, ya daki wilin da hannu, 'yan yatsunsa suka fashe. Ya sake kamawa da jinin, sai da Kofur ya janye shi.

"Malam Haliru, kai kas san ta. Gwada muna."

Dattijon ya yi bisimilla ya tsuguna. Ya gyara zaman sifanar a natse, irin na wanda ya saba. Ya danna ta hagu. Ya yi nishi, ya sake dannawa ta hagu, ya saki yana haki.

"Tsatsa ta, ɗana. Ta ci shi. Wanga sai a yi sati ana ba shi mai."

"Sati," in ji Kofur. "Alhamis ta wuce ke nan."

"Ikon Allah na."

Kofur ya karɓi sifanar. Ya sa ta a notin nan dai, ya juya jikinsa, ya danna ta dama. Ƙarfe ya yi ƙara kamar tsohon ƙyaure. Ya ƙara dannawa. Notin ya juya, jar tsatsa ta zubo ƙasa.

Abdulgani ya dafe kai. "Awa hedar keke ta hagu, ita ma baibai taka kwancewa! Ni da nika kwance ta kullum!"

Ba wanda ya yi dariya. Kofur bai ɗauke ido daga kan Malam Haliru ba.

"Ran da niz zo nan," ya ce, "na iske ƙusoshin gaba ba ko tabo. Duk wanda bai san motar ga ba, da ya murɗa ta hagu ya ƙara ƙulle ta, ya gaji ya sa guduma ko ya karya ƙusa. Wanda yac cire ƙahwar ga ya san hanyar da taka kwancewa, ya gama kahin a tashi daga suna. Na iske man gyaɗa ya ratsa tsatsa, aikin kwanaki na, sai mai shigowa garkar ga kullum ba a tambaye shi ba. Ku biyu ku na, kai da yaron ga. Yaron ga shina Birnin Kebbi, na bi sawunai, ga kuma hannunai ya ba da shaida. Haruna bai bar maƙera ba. Lawali ko bayan gida sai an kama shi. Sannan ga mai saye daga Jega da ke son mushe kada a heɗe, ko mi yar rasa, tun ba ta rasa komi ba."

"Duk wanga zato na," in ji Malam Haliru.

"Zato na, har ɗazu. Da ka kama sifana ka kwance, da na ce direba na, dole shi sani, in koma nema. Sai kad danna ta hagu kana nishi. Kai da kas sa mata suna cikin rairayin hanyar Kalgo. Ka ɗauka duk wanda yaj ji ya mutu. Ka mance da wadda ke zaune bisa goro."

"Ina nan da raina, Haliru," in ji Inno daga bayan zana. Wannan karon ba wasa a muryarta.

Malam Haliru ya dubi ƙasa. Da ya ɗago, ba kunya ce a fuskarsa ba, haushi ne tsoho wanda ya daɗe yana dahuwa.

"Wilin shina rumbuna, ƙarƙashin gero. Na naɗe shi da buhu, ko ƙwarzane bai yi ba. Dillalin Jega ma ni nit tura shi." Ya juya ga Abdulgani. "Ƙuruciyata duka cikin motar ga tat tahi. Na kwana daji da ita, na tura ta cikin laka, na yi mata jinya awa ɗiyata. Kakanka da bakinai yac ce min, Haliru, ran da nib bar hwatauci taka ta. Yaz zo mutuwa bai ko tuna sunana ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi."

Idanun Abdulgani suka cika. Satar ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Mutumin nan ya ci tuwo da shi ƙwarya ɗaya damina guda, ya koya masa sunan kowane ƙarfe, ashe duk gyaran da yake sa shi yi wa kansa yake gyarawa.

"Da ka hwaɗa min, Baba."

"Da ka yi mi? Ka ba ni ita?"

Abdulgani ya kau da ido. Ba zai iya cewa i ba, kuma duk wanda ke wurin ya gane haka.

An tono wilin a rumbu kamar yadda ya faɗa, an shafe shi da mai an naɗe kamar kayan aure. Abdulgani da Haruna suka kwana biyu suna sa tayoyi. Tunda kayan gado aka taɓa, aka ce alƙalin Kalgo shi zai ji maganar satar tare da rabon. Sai ga wata sabuwa: direbobin manyan motoci duk suna bakin jigilar gyaɗa, ba wanda zai bar tasa ya ja ta wani. Abdulgani ya ce shi zai tuƙa.

Ranar Alhamis da sassafe Bahaguwa ta fito daga garka tana zillo kamar ɗan maraƙi. Inno tana gaba ta ƙanƙame ƙofa tana karanto duk addu'ar da ta sani. A baya Kofur ne da Malam Haliru, ankwa a hannunsa, ya juya wa gaban motar baya. Tun Gwandu bai ce kanzil ba. Abdulgani ya yi ta kokawa da giyar motar a kowace kwana, ya tsorata jakuna, ya goge wani darni a Birnin Kebbi, amma suna tafe.

Rana ta kusa tsaka suka gangara wani rairayi kafin Kalgo, mai zurfi, motocin gyaɗa sun kwaɓe shi. Abdulgani ya shiga da babbar giya. Motar ta fara nauyi. Injin ya soma shaƙewa, yana ja yana saki. In ta mutu a nan, tayoyi za su nutse, kafin a tono ta alƙali ya buɗe baki ya rufe. Abdulgani ya rikice, ya kama sandar giya yana ja tana kuka.

Kofur ba hanya yake kallo ba, dattijon yake kallo. Shiru kawai Malam Haliru zai yi, yaron ya rasa motar ba da hannunsa ba. Dattijon ya runtse ido. Amma ƙafarsa ta hagu tana danna katakon motar da kanta. Injin ya yi wata irin shaƙuwa ta ƙarshe.

"Taka kuloci, ɗan nema!" Ya juyo ya daki rufin motar da hannuwansa biyu, ankwa ta yi ƙara. "Saki! Ba ta wuta! Sake takawa, sauko lamba biyu! Kada ka ɗaga ƙahwa, kashe ta za ka yi!"

Giya ta shiga. Bahaguwa ta yi gurnani, ta watsa rairayi, ta ja jiki a hankali har tayoyinta suka kama ƙasa mai tauri. Malam Haliru ya koma ya zauna, hawaye na bin furfurar gemunsa. Kofur, wanda bai taɓa barin abu ya wuce shi bai tambaya ba, ya kau da kai yana kallon gonaki.

Ana kiran azahar suka tsaya a ƙofar alƙali. Lawali yana zaune kan tabarma da ƙafarsa a miƙe. Ya dubi motar tun daga hanci har wutsiya, ya dubi ɗan wansa, ya ce wa shaidu, "Kun gani. Ta shigo."

Kofur ya kama hannun Malam Haliru ya saukar da shi. Da suka zo wucewa ta gaban motar, dattijon ya tsaya ya ɗora tafinsa a kan murfin injin, ya ɗauke da sauri. Abdulgani yana tsaye da gwangwanin ruwa a hannu, ya kasa haɗa ido da shi.

"Ta yi zahi," in ji Malam Haliru. "Kada ka ba ta ruwa sai ta huce."

Ya sunkuyar da kai ya bi Kofur cikin zauren.